Kusurwar da Mai Burodi Ke Sa Kai

Sifikar ta wuce ta gaban ƙofata a iska, wayarta na bin ta a baya, ta daki ƙarfen matakala, ta tarwatse a tsakar gida. Ina kan keke a lokacin, rigar wata mata na ƙarƙashin allura, ban ma san sanda na miƙe ba. Da na leƙo baranda sai ga Mai Burodi tsaye a cikin ɗakin Auta, daga shi sai gajeren wando da singileti, idanun nan jajur. Da ƙafa ya buɗe ƙofar, sakatar ta fita har da katakonta.

Ya miƙa hannu zai ɗauki sifika ta biyu, Auta ta faɗa a kai ta rungume. Ya kama ta a damtse ya fizge, ta tafi ta bugu da gefen tebur, leɓenta ya fashe. Ganin jinin ne ya tsayar da shi. Ya tsaya yana huci, yana kallon hannunsa kamar na aro ne.

"Baba, me na yi maka?" in ji Auta, jini na bin haɓarta.

"Kaina za ki fasa. Kullum sai kin fasa min kai."

"Wallahi ko rabi ban murɗa ba. Anti, kin ji wani abu daga ɗakinki?"

Ni ce Antin. Gaskiya kuma ban ji komai ba sai ɗan ƙis-ƙis ɗin da na saba ji, wanda ƙarar kekena ma ta fi shi. Haka na faɗa. Mai Burodi ya kalle ni, ya kalli yarinyar, ya juya ya koma ɗakinsa ya rufe.

Bari in faɗa muku yadda muke zaune. Gidan haya ne, ɗakuna jere a sama, baranda ɗaya ta haɗa mu, matakala ta sauka tsakar gida. Ɗakina ne na farko a kan matakalar, nan nake ɗinki nan nake kwana. Sai na Walda, yayan Auta, saurayi mai aikin ƙarfe, mai kirki in bai fusata ba, sai dai fusatar ba ta yi masa wuya. Sai ɗan ɗakin Auta, wanda in ka miƙe hannu biyu ka kusa taɓa bango da bango. Na ƙarshe shi ne na Mai Burodi, dattijo ne da ya ba hamsin baya, matarsa ta rasu, 'yarsa na aure a wani gari. Dare yake kwana a bakin tanda a gidan burodi, ya dawo da hantsi da ƙurar fulawa a gira, ya ajiye min burodi mai zafi a kan keke, ya wuce ya kwanta. Shekara da shekaru muna haka, ban taɓa jin ya ɗaga wa ko kaza murya ba.

Auta kuwa kiɗa take koyo, amma ba irin wanda muka sani ba. Babu ganga babu tsirkiya, komai a cikin kwamfuta yake. Wata makaranta take zuwa da safe a koya mata yadda ake tsara kiɗa da yadda ake haɗa sauti, Walda ne ke ɗauke da nauyinta, kuma yana alfahari da abin fiye da ita kanta. Na sha zama a bayanta ina kallo. A fuskar kwamfutar za ka ga layuka kala-kala a jere, kamar ƙyallaye a kan teburina kafin in haɗa riga. Wannan layin bugun ganga ne, wancan tafi, wancan wata 'yar murya da ta yanka gunduwa-gunduwa. Ta taɓa zuwa ta ɗauki ƙarar kekena da waya, ta gyara ta, sai ga kekena na rawa a cikin kiɗa. Na ce mata in ta yi suna to ni ma mawaƙiya ce, kada a manta da ni wajen hoto.

Tsara kiɗan bai ba ta wahala ba. Haɗawar ce ta zame mata aiki: wane sauti zai zauna hagu, wane dama, wanne za a aske wa kaifi don ɗan'uwansa ya samu hanya. Cikin duka akwai wanda take kira bes, wato sautin nan na can ƙasa mai gurnani, wanda ƙirji ke ji kafin kunne. Shi ne ya hana ta sakat. Duk sanda ta kai aiki makaranta sai malaminta ya ce bes ɗin ya yi yawa, ya danne komai. Ita kuma ta dawo ta zauna a kujerarta a tsakiyar ɗaki, ta kunna, ta ce min, "Anti, don Allah saurara. Ina bes a nan? Ni ko jin sa ba na yi." Ni ma in na saurara daga inda take sai in ji kiɗan fayau, babu nauyi. Ta rage don malam, ta ji kiɗan ya koma kamar ana kaɗa gwangwani, sai hannunta ya koma ya ƙara. Kuma ba waƙa take kunnawa daga farko zuwa ƙarshe ba. Gaɓa ɗaya ce 'yar ƙarama take sa wa ta yi ta zagayowa, ta dawo, ta sake dawowa, tun daga azahar har rana ta yi sanyi.

Da rana take aikin don kada ta hana mutane barci. Ita ta zaɓi haka da kanta, don yarinya ce mai kunya. Duk gidan kowa na wurin nema a wannan lokacin, mutum ɗaya ne kawai dare ya zame masa rana.

Ba ranar sifikar aka fara ba. Da farko Mai Burodi ya ƙwanƙwasa mata ƙofa a hankali, ta ba shi haƙuri ta rage. Ya dawo ya ce ba ta rage ba, ta rantse ta rage. Ya koma buga bango da takalmi. Ita da ta ji bugu sai ta danna ta tsayar, shi ya sa duk zuwan da ya yi bakin ƙofarta shiru yake tararwa, sai ya ga kamar raina masa hankali take yi. Ita kuma ta fara cewa tsohon nan dai ba ya son ganin mace na kiɗa ne.

Walda ya dawo da la'asar ranar da aka jefar da sifikar, ya tarar da gutsattsarin sifika a tsakar gida da leɓen ƙanwarsa a kumbure. Bai tambayi kowa komai ba. Ya zauna a kan matakala yana jira. Da Mai Burodi ya fito da jakar aikinsa zai tafi, Walda ya miƙe ya tare hanya, ya sa masa naushi a baki tun kafin ya yi magana. Na ji ƙarar haƙori a kan siminti. Dattijon ya yar da jakar, ya kama Walda ta wuya da hannayen nan da suka saba murɗa ƙullu, ya haɗa kansa da bango sau biyu. Walda ya sa masa gwiwa a ciki. Suka zube a baranda suna birgima, suka ture min bokitin wanki, jini da ruwan sabulu suka gangara matakala. Ni da matar direban da ke ƙasa muka yi ta ja, ni na samu rabona na gwiwar hannu a ido. Sai da maza biyu suka hawo daga titi aka raba su.

Mai Burodi ya tsinci haƙorinsa ya sa a aljihu, ya ɗauki jakarsa ya tafi aiki a haka.

Bayan kwana kaɗan Walda ya shigo da wasu sifiku biyu na hannu, sun fi na da girma. Ya ce zai ga ɗan da zai sake jefar da su. Ya ƙera musu mazauni na ƙarfe mai kauri, ya kawo injin huda bango, ya ɗaure su da manyan noti a jikin bangon da teburin Auta ke kallo, ya ɗaure tamau har sai da ya rataya a jiki don ya nuna mana ƙarfin aikin. Aiki ne mai kyau, ba na hana shi. Bangon nan kuwa shi ne wanda ya raba ɗakin Auta da na Mai Burodi.

Maganar faɗan ta kai kunnen wakilin mai gida, ya zo da farar rigarsa da ƙamshin turarensa ya ce zai yi shari'a. Ya tara mu a baranda, ya ce Auta ta kunna yadda ta saba. Ta kunna. Ya tsaya a bakin ƙofa ya saurara, ya shiga ya zauna a kujerarta ya saurara, ya ɗaga kafaɗa. Ya ce rediyon mai shagon ƙasa ma ya fi wannan ƙara.

"Ka zo ɗakina ka ji," in ji Mai Burodi. Bakinsa bai gama warkewa ba, maganar na fita da iska.

Wakili ya shiga, ya tsaya a tsakiyar ɗakin, hannu a aljihu. Muna leƙe ta ƙofa. Ɗakin babu komai sai gadon ƙarfe na gidan da ke manne da bangon ɓangaren Auta daga kusurwa zuwa kusurwa, da akwati, da kofi da cokali a kan taga. Wakili ya karkata kai, ya ce yana jin wani ɗan abu, amma bai kai a zubar da haƙori a kansa ba.

"Ba nan ba. Ka kwanta a gadon, ka sa kanka inda nake sa nawa."

Wakili ya dubi zanin gadon mai fulawa da zufa, ya dubi farar rigarsa, ya yi dariya. "Baba, in kwanta a gadonka? Sai kuma ka rufa min bargo ka yi min tatsuniya?"

Aka yi dariya a baranda. Mai Burodi ya bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya, ya ce ko mutum ɗaya ya zo ya kwanta, minti ɗaya kawai. Walda ya ce ƙanwarsa ba za ta shiga ɗakin ƙato ta hau gado ba, shi kuma in ya shiga to ba kwanciya za ta kai shi ba. Matan da ke wurin kowa ta sunkuyar da kai, don wace ce za ta hau gadon namiji ana kallo. Wakili ya yanke hukunci: Auta ba za ta wuce inda ta murɗa yau ba, Mai Burodi kuma in ya sake taɓa ƙofar wani ko kayan wani, ya kwashe nasa ya bar gidan. Auta ta ɗauko jan farce ta ɗiga a jikin abin murɗa ƙarar, daidai wurin, a gaban kowa. Ni shaida ce ba ta taɓa wuce ɗigon nan ba.

Daga nan Mai Burodi ya fara lalacewa a gabanmu. Ya juya kansa zuwa ɗaya ƙarshen gadon, ya ce duk ɗaya ne. Gadon ba ya juyuwa, in an ja shi ƙofa ba za ta buɗe ba. Ya toshe kunne da auduga, ya ce abin ba ta kunne yake shiga ba. Ya gwada shimfiɗa kwali a ƙarƙashin matakala, yaran gidan suka dawo daga makaranta suka yi ta tsallake shi da ƙwallo. Ya rame, wuyan singiletinsa ya yi masa yawa. Mutanen gidan suka sa masa suna Mai Jin Aljanu, in ya wuce yara su riƙa yin gurnani da baki.

Wata safiya ya ajiye min burodi, na ga hannunsa naɗe da tsumma daga wuyan hannu zuwa gwiwa. Na matsa masa sai da ya kwance. Fatar ta saluɓe, ta yi fari da ja, tana ruwa. Gyangyaɗi ya yi a tsaye ya jingina da ƙofar tanda. Ya ce a satin nan ya ƙona burodi tire guda, mai gidan burodin ya ce saura kuskure ɗaya. Na wanke masa, na yanko sabon ƙyalle mai tsabta na ɗaure. Tausayinsa ya kama ni ƙwarai, har na kasa haɗa ido da shi.

"Tela," ya ce, "ke ma kina ganin haukacewa na yi?"

Na ce a'a, gajiya ce, ya je asibiti a ba shi maganin barci. Ya ce in ya sha magani ya makara aiki fa. Ya ce shi ba ya gaba da yarinyar, sa'ar 'yarsa ce, kuma har yau in ya tuna leɓenta sai ya ji kunyar kansa. Barci kawai yake so, na yini ɗaya, wanda ba a buga masa guduma a cikin ƙwaƙwalwa.

Na kai wa Auta maganar. Ta koma aiki da abin saurare na kunne, ta jure kusan mako, gidan ya yi tsit, Mai Burodi har ya fara amsa gaisuwa. Amma lokacin miƙa aikin ƙarshe na makarantarsu ya matso, malam kuma ya ce ba a kammala haɗa sauti a kunne, sai an ji shi a sifika, a iska. Ta zo ta same ni idonta da hawaye, ta ce kwana kaɗan ne ya rage, in ta miƙa shi ke nan, har ɗakin za ta bar masa ya huta. Ta je ta ba shi haƙuri ta bayan ƙofa.

Ranar da abin ya faru Walda na gida. Hasken walda ya ƙone masa ido, suka kumbura suna zubar da ruwa, yana kwance a ɗakinsa da jiƙaƙƙen tsumma a fuska, akwatin kayan aikinsa a baranda. Rana ta take sosai. Auta ta kunna gaɓar nan tata tana zagayowa, ni ina ɗinki.

Bugun farko sai da allurata ta karye. Ba takalmi ba ne wannan karon. Mai Burodi ya fito ya ɗauki babbar gudumar Walda daga akwatin, ya koma ɗakinsa yana dukan bangon da iya ƙarfinsa. Duk benen na amsawa. Siminti ya riƙa zubowa a kan teburin Auta, ta ƙwalla ƙara ta kifa jikinta a kan kwamfutar. Kafin in kai ƙofa Walda ya fito, ido a rufe rabi, ya laluba akwatin ya zaro guntun bututun ƙarfe.

Na riƙe masa riga, na ce, "Walda, don girman Allah ka tsaya." Rigar ta yage a hannuna.

Ya daki ƙofar Mai Burodi da ƙafa. Dattijon ya fito da gudumar, fuska da gashi duk farar ƙura, ƙyallen hannunsa ya jiƙe da jini. Ba na jin ya ma gane wanda ke gabansa. Shi ya fara kai duka. Gudumar ta sauka a kafaɗar Walda, na ji ƙashi ya amsa, hannun ya saki ya rataye. Walda ya yi wani irin kuka, ya juya bututun da ɗaya hannun ya kai shi a makance. Na farko ya samu ƙarfen baranda. Na biyu ya samu Mai Burodi a gefen kai, sama da kunne.

Bai faɗi nan take ba. Ya saki gudumar, ya dafa bango, ya taho yana tangaɗi ta gabana kamar mai neman hanyar fita, jini na bin wuyansa. Walda ya biyo shi ya ƙara masa a baya. Na miƙa hannu in tare shi, yatsuna suka taɓa singiletin kawai. Ƙafarsa ta zame a matakalar farko, ya tafi da ka, yana bugun kowace matakala har ƙasa.

Na sauka da gudu ba takalmi. Yana kwance a tsakar gida, ƙafa ɗaya a lanƙwashe ta inda ƙafa ba ta lanƙwashewa. Na zauna a ƙasa na ɗora kansa a cinyata, na cire ɗankwalina na danne wurin, nan da nan ya jiƙe. Matar direba ta fita titi neman mota tana ihu. Mai shagon ƙasa ya tsaya a kanmu yana ta cewa kada a bar shi ya yi barci, wanda ya bugu a ka in ya yi barci ba ya tashi. A sama Auta na riƙe da yayanta tana kuka, ba wanda ya tuna ya kashe kiɗan, yana can yana zagayowa, ɗan siriri, da ƙarar kekena a ciki.

Idanunsa suka fara lumshewa. Na girgiza shi, na kira shi, na ce ya buɗe ido ya kalle ni. Suka sake rufewa. Na mare shi a kumatu, na sake marinsa da ƙarfi, ina kuka ina cewa kada ya yi barci, mota na zuwa.

Ya buɗe ido da ƙyar, ya dube ni.

"Haba Tela," ya ce. "Ke ma?"

Na ce ya yi haƙuri, ya daure kaɗan.

"Nan gurnanin ba ya zuwa," ya ce a hankali. "Ki bar ni kaɗan."

Hannuna na sama zan sake marinsa, na kasa saukewa. Sanda motar ta shigo layin, ya riga ya yi nauyi a cinyata.

'Yan sanda sun ɗauki Walda daga gadon asibiti, da kafaɗarsa a ɗaure, har yau yana hannunsu. 'Yar Mai Burodi ta zo bayan an yi jana'iza, ta naɗe katifa, ta ɗauki akwati, ba ta gaisa da kowa ba, ba kuma wanda ya ga laifinta. Gadon ƙarfen na gidan ne, ta bar shi. A gidan kowa ya samu abin faɗa. Wakili ya ce shi dama ya ga alamar mutumin ba shi da lafiyar kai. Ni dai na daina cin burodi.

Auta ba ta miƙa aikin ba. Ta rufe kanta a ɗaki, sai in na kai mata abinci na tsaya a kanta take ci. Wata ƙanwar mahaifiyarsu ta ce ta tattara ta koma wurinta. Ana saura kwana ɗaya ta tafi, ta je makarantar ta gaya wa malaminta ta bari. Ta dawo da rana, ta tsaya a bakin ƙofata ba ta shigo ba, fuskarta ta yi wani iri.

Ta ce malamin ya tambaye ta a ina take zama in tana aiki, ta nuna masa hoton ɗakin a waya. Ya daɗe yana kallo. Ya ce mata a ƙaramin ɗaki irin wannan, bes yana dukan bango ne ya dawo, ya yi karo da kansa a tsakiya ya mutu, daidai inda kujerarta take, shi ya sa ba ta jin sa. Amma a kusurwa taruwa yake yi. Ƙarfen da aka ɗaure a bango kuma ya mai da bangon kansa sifika.

"Anti, zo ki danna min wani abu."

Na bi ta. Ta share ƙurar simintin da ke kan kwamfutar da gefen hannu, ta buɗe aikin, ta murɗa ƙarar zuwa kan ɗigon jan farcen nan, ba ta wuce ba. Ta nuna min dogon maɓallin da zan danna, ta ce in ƙirga kaɗan bayan ta fita. Na zauna a kujerarta na danna. Kiɗan ya taso kamar kullum, fayau, mai daɗi ma, kekena na ƙis-ƙis a gefen hagu. Na jira ta dawo, ba ta dawo ba.

Ƙofar Mai Burodi a buɗe take, tun ranar ba a gyara sakatar ba. Auta na kwance a kan tsuran ƙarfen gadon, ta sa kanta a kusurwa, idonta a buɗe. Daga bakin ƙofa ban ji wani abin kirki ba. Ta miƙo hannu ta jawo ni, na durƙusa, na kai kaina kusa da nata har kunnena ya taɓa ƙarfen.

Haƙorana ne suka fara ji. Abin ya shigo ta ƙashin kai, ya sauka ƙirji, ya tsaya, ya sake dawowa, ya sake, ba kiɗa a cikinsa ko kaɗan, duka ne kawai. Gadon na rawa a ƙarƙashin tafin hannuna. Ban kai minti ɗaya ba na ɗago.

Na ce ta tashi haka nan, ta girgiza kai. Na koma ɗakinta na danna maɓallin, na zare wayar wutar daga bango gaba ɗaya.

Da na dawo tana nan yadda na bar ta. Kofin nan na kan taga, 'yarsa ta manta da shi, cokalin ciki ya daina kaɗawa. Daga ramukan da guduma ta yi a bango, garin siminti na ci gaba da zubowa kaɗan-kaɗan ta cikin hasken rana, yana sauka a kan gashinta.